Ƙafar da ta shanye ce ta kai ni lungunan Ƙurɗuba

Ni malamar firamare ce mai ritaya. A birnin Zariya aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a nan furfura ta same ni. Labarin da zan bayar godiya ce ga Allah, kuma ina fatan ya kai kunnen duk wata 'yar'uwa da ciwo ya zaunar har ta fara cewa ita da ƙofar gida sai ranar da za a fitar da ita.

Ina cikin takabar Malam jinina ya hau. Wata asuba na yunƙura zan yi alwala, ɓarin jikina na hagu ya ƙi motsi. Magana ce ta fara dawowa, hannu ya biyo baya, ƙafa kuwa ta daɗe tana gardama. Aka yi ta jigila da ni zuwa wurin gashin ƙashi, aka koya mini tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, aka koya mini ɗaga gwiwa da sauke dunduniya, har na fara takawa da sanda. Likita ya ce ƙafa ta samu, saura in sa ta aiki, in riƙa tafiya kullum. Ban daɗe da farawa ba na faɗi a bakin rijiyarmu, goshina ya fashe. Raunin ya warke da wuri, tsoron da ya bari kuwa ya zauna daram. Daga ranar iyakata daga gado zuwa tabarmar tsakar gida. Zaure ma ya yi mini nisa. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk sai dai in yi aike. Mutane suna yi mini uzuri, ni kuma ina ƙara shigewa ɗaki.

Autana yana ƙasar Sifaniya yana karatun digiri na uku a fannin lafiyar dabbobi, a jami'ar wani gari da masu ƙasar ke kira Kordoba. Duk ranar da ya kira waya sai ya tambaya, "Umma, yau kin taka zuwa ina?" In ce masa tsakar gida. Da ya ga abin ba ya gaba sai ya canza salo. Ya ce, "Umma, ki zo ki ga garin Baba." Na ce wane garin Baba kuma? Ya ce, "Ai nan ne Ƙurɗuba. Ta bakin masallacinsu nake wucewa kullum."

Wanda bai zauna gidan malamin zaure ba, da wuya ya gane abin da maganar nan ta taɓa a zuciyata. Tsawon zamana da Malam, daga ɗakina nake jin karatu. Bayan asuba ɗalibai su buɗe Muwaɗɗa, kusan kowane hadisi sai an ambaci Yahaya kafin a kai ga Imamu Malik. Wannan Yahayan, ɗan Yahaya al-Laisi, mutumin Ƙurɗuba ne. Ya yi tattaki har Madina neman ilimi, ya koma garinsu ya karantar, ya rasu a shekarar 848, kuma ruwayarsa ce ta bi ta Magrib ta keto Sahara ta iso zaurukanmu. Daren Juma'a da watan Maulidi kuma Ishiriniya ce ke tashi a gidanmu har dare ya raba, mu mata muna amsawa daga ciki. Mai ita, Alfazazi, a Ƙurɗuba aka haife shi. In azumi ya matso, Malam ya sauko da mujalladan tafsirin Alƙurɗubi ya kakkaɓe musu ƙura. Na san sunan garin tun ina amarya, amma a raina wuri ne na cikin littafi, ban taɓa kawo cewa yana da tashar jirgin ƙasa da kantin magani ba. Malam bai gan shi ba har ya koma ga Allah. Ban da aikin Hajji, bai taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba.

Neman biza ya ci lokaci da takardu, ba zan tsaya a kansa ba. A farkon watan Mayu jirgi ya sauke ni a Madrid, aka turo ni a keken marasa lafiya har inda Auta ke jira. Daga nan jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya kwashe mu, bai cika awa biyu ba muka iso.

Auta ya riga ya aro keken marasa lafiya ya ajiye. Akwai kuma masu keken doki da ke jiran baƙi a kusa da masallaci. Amma da ya kai ni bakin ganuwa na leƙa ciki, sai na gane abin da ya sa ya dage in zo. Tsohon garin nan ba a gina shi don abin hawa ba. Lungunansa da yawa ko keken dokin ba ya shiga, wanda ke son ganinsu dole ya taka. Na ce a mayar wa masu keke kekensu. Ya ce, "Umma, daɓen nan fa duwatsu ne." Na ce na gani.

Titin da ke bin gindin ganuwa ta waje, sunan Ƙairawan aka sa masa, garin mai Risala, ga ruwa yana gudana a ƙananan tafkuna na dutse a gefensa. A nan na fara cin karo da Ibn Rushd, an sassaƙa shi da farin dutse, zaune da rawaninsa da littafi. A garin aka haife shi a 1126, ya yi alƙalancinsa kamar yadda kakansa ya yi, ya yi likitanci, ya rasu a Marrakesh a 1198. Mu da littafinsa na saɓanin malaman fiƙihu muka san shi, Turawa kuma da sharhin falsafar Girkawa. Ni ba ma'abuciyar mutum-mutumi ba ce, amma na ji wani abu da na ga malama ta tsayar da 'yan ajinta a gabansa tana yi musu bayani, suna rubutawa. Na yi shekaru ina wannan aikin, na san ajin da ke saurare da wanda ke jiran a tashi. Waɗannan sauraro suke yi.

Ta ƙofar da suke kira Almodóvar muka shiga. Daɓen da Auta ya tsoratar da ni da shi ƙananan duwatsun kogi ne, farare da baƙaƙe, an kafa su a tsaitsaye ɗaya bayan ɗaya, wani wurin har da zanen fure. Mai lafiya ko kallonsu ba ya yi. Ni kuwa dole in san kowanne. Robar gindin sandata takan maƙale a tsakaninsu, ƙafar hagu kuma in ban ɗaga ta sosai ba sai yatsu su yi tuntuɓe. Sai ga ni ina yin abin da masu gashin ƙashi suka yi ta fama da ni a kansa: ɗaga gwiwa, sauke dunduniya, sannan yatsu. A asibiti umarni ne nake bi da ƙyar. A nan kuwa in ban yi ba, ba zan ga abin da ke bayan kwanar gaba ba, kuma kowace kwana da abin da ta ɓoye.

Bangayen duk farare ne fat, lungunan a matse kuma a karkace, don inuwa ta zauna. Garin yana cikin mafi zafi a Turai, a watannin Yuli da Agusta yakan haura digiri 40. Gidajen ba sa nuna komai a waje, daga farin bango sai ƙofar katako da taga mai ƙarfe. Amma sau da yawa ƙofar a buɗe take, bayanta ɗan zaure, sannan wata ƙofar ƙarfe mai raga, ta cikinta ake hango tsakar gida kore shar. Na ce wa Auta ai mutanen nan tsarin gidanmu ne da su, zaure a gaba, sirri a ciki. Akwai lungun da mutum biyu ba sa iya gittawa sai ɗaya ya raɓe, kuma irin waɗannan su suka fi yi mini daɗi, don bango yana kusa da hannu ta kowane ɓangare.

Wannan sashen unguwar Yahudawa ce a da. Akwai ɗan ƙaramin wurin ibadarsu da aka gina a 1315, bangonsa cike da ado da rubutun Ibrananci, mata kuma suna da nasu wuri a bene. Gaba kaɗan, a wani ɗan fili, Musa bin Maimun ke zaune, malamin Yahudawa kuma likita, wanda aka haifa a nan amma zamani ya kore shi har Masar, inda ya yi aiki a fadar Salahuddin. Baƙi sun shafi takalman mutum-mutuminsa har sun yi ƙyalli. A 1492 aka kori Yahudawa daga Sifaniya baki ɗaya, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori jikokin Musulmin da aka tilasta wa barin addininsu. Mai tafiya a lungunan nan yana ratsa gidajen da masu su suka fita ba da son ransu ba, kuma ban iya cire wannan daga raina ba ko lokacin da nake sha'awar furanni.

Ranar zuwa masallaci Auta ya faɗa mini tun a masauki, "Umma, wurin nan yanzu majami'a ce, a hannun cocin Katolika yake, ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba." Sai na yi walahata kafin mu fito.

Harabar cike take da bishiyoyin lemo a jere, da ƙananan magudanai a cikin daɓe masu kai wa kowace bishiya ruwa. A gefe ga doguwar hasumiyar ƙararrawa, wadda ta lulluɓe hasumiyar kiran salla da Abdurrahman na Uku ya gina a tsakiyar ƙarni na 10. Ana hawanta, ni dai daga ƙasa na gaishe ta.

Da muka shiga, sai da idona ya saba da duhu-duhun wurin. Sanyi ya fara tarbata, sannan ginshiƙai suka fara fitowa, layi bayan layi, duk inda na juya ba na ganin ƙarshensu. Fiye da 850 ne ke tsaye. A kan kowane biyu akwai baka, a kan bakan kuma wani bakan, an jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Abdurrahman ad-Dakhil ne ya fara ginin a wajajen 785. Shi ne wanda ya tsira lokacin da Abbasiyawa suka kifar da danginsa Banu Umayya a Sham a 750, ya yi ta gudun hijira ta arewacin Afirka har ya karɓi Ƙurɗuba a 756. Ginshiƙan farko ba sababbi ba ne, daga kufan gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su aka tsinto su. Shi ya sa wani ja ne, wani toka-toka, wani mai santsi, wani mai zane. Kuma gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba. Maginin bai ce ba za su yi ba. Ya ɗora musu baka na biyu, rufin ya tashi, abin da ya fara a matsayin dabarar rufin asiri ya zama shi duniya ke zuwa kallo. Na daɗe tsaye a wannan tsohon sashe, na dogara da sandata.

Sarakunan baya sun yi ta faɗaɗa shi: Abdurrahman na Biyu, sai al-Hakam na Biyu daga 961, sai al-Mansur a wajajen 987. A sashen al-Mansur ne tafiyata ta sannu ta yi mini rana. Rukunin baƙi suna wucewa da sauri bayan mai yi musu jagora, ni kuwa kowane 'yan taku sai na tsaya. A irin wannan tsayuwar idona ya faɗa kan wani ɗan rubutu a jikin ginshiƙi, ƙarami ƙwarai, an karce shi a dutse. Na kira Auta ya haska da waya. Suna ne da Larabci. Masu sassaƙar duwatsun sun riƙa sa alamarsu ko sunansu a kan abin da suka sassaƙa. Littattafai sun riƙe sunayen sarakuna, ga leburan da ya yi gumi shi ma ya bar nasa, shekara dubu da ɗoriya. Daga nan na shiga farautar irinsu, kuma ban san na yi tafiya mai nisa haka ba sai da Auta ya nuna mini inda muka baro.

Mihirabin al-Hakam ba rami ba ne a bango kamar yadda muka saba. Ɗan ɗaki ne mai kansa, an zagaye bakinsa da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, an jera su sun zama ganye da fure da ayoyi. Gwanin wannan aiki daga Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, ya zo, sarkin Rum Kirista ne ya aiko shi. Akwai shinge, ba a matsawa kusa. Rubutun Kufi ne, mai wuyar karantawa ga wanda ya saba da na allo, amma na lalubo Bismillah, daga nan kuma sai bakina ya kama. Na yi wa Malam addu'a a zuci, ina tsaye, hannuna a kan sanda. Hawaye suka zo ban hana su ba. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana ambaton malaman garin nan bai tsaya a nan ba, sai ni da ke jin karatun ta bayan labule, da ƙafar da aka fid da rai da ita.

A tsakiyar ginshiƙan nan ne mutum ke ɗaga kai ya ga ya shiga wata duniya: rufi mai tsawo, haske, gumaka, kujerun katako masu sassaƙa. Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236 aka mai da masallacin majami'a, amma sai a 1523 aka fasa tsakiyarsa aka fara wannan babban gini, kuma majalisar garin da kanta ta yi adawa da fasawar. Ba zan ɓoye ba, ganin ya yi mini ciwo. Sai dai na zauna a kan benci na yi tunani da adalci. Babban masallacin Ishbiliya, wani birni na Sifaniya, rushe shi aka yi aka gina majami'a a gurbinsa, hasumiya da haraba kawai suka rage. Wannan kuwa yana tsaye ne saboda waɗanda suka karɓe shi sun ci gaba da amfani da shi, suna gyara rufi, suna toshe yoyo, kusan shekara 800. Akwai ma wani wuri da aka sa gilashi a ƙasa, ana hango daɓen wani gini da ya riga masallacin. Ina zaune a wurin, masallacin Juma'armu na Zariya ya faɗo mini, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19, wanda wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023 aka yi asarar rayuka. Mun iya kukan Andalus a wa'azi, kuma kukan yana da dalili. Amma duba rufin da ke kanmu kafin damina shi ma aikin addini ne, kuma shi ne wanda ke hannunmu.

Auta ya zaɓi watan Mayu da gangan. A makonni biyun farkonsa ake bikin tsakar gida, inda masu gidaje ke buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ga furanninsu kyauta. Tun 1921 ake gasar tsakar gidan da ta fi kyau, a 2012 kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin al'adun da duniya ke karewa. A unguwar San Basilio muka fi yawo. Ana shiga layi a ƙofar gida, a bar mutane su shiga kaɗan-kaɗan.

Wani gida da muka shiga irin na haya ne na da, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, da rijiya a tsakiya da wurin wanki na kowa da kowa. Bangon daga ƙasa har kusa da rufi tukwane ne shuɗɗa a rataye, jan fure da ruwan hoda suna zubowa daga cikinsu. Ƙafata ta gaji, na jingina da bango. Wata tsohuwa mai gidan, gajeruwa, gashinta fari tas, ta hango ni, ta jawo kujerarta ta zaunar da ni ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta nuna sandata, ta nuna ƙugunta, ta yi magana. Auta ya ce aiki aka yi mata a ƙugu. Ta tambayi mijina, na ce ya rasu. Ta dafa ƙirji ta ce nata ma. Daga nan ba mu ƙara neman tafinta sosai ba.

Da lokacin rufewar rana ya yi baƙi suka ragu, ta ɗauko wata doguwar gora da aka ɗaura wa gwangwani a kai. Da ita ake ba tukwanen sama ruwa: a tsoma gwangwanin a bokiti, a ɗaga gorar, a murɗa ta a hankali ruwan ya zuba a tukunya ba tare da ya ɓata farin bango ba. Ta yi wa biyu, sai ta miƙo mini. Gorar tana son hannu biyu. Ma'ana in ajiye sanda, in tsaya da ƙafafuna, in sa hannun hagu ya riƙe. Auta ya yunƙuro zai karɓa, tsohuwar ta daka masa harara irin wadda duk uwa ta sani, ya koma. Na ɗaga. Hannun yana rawa, rabin ruwan ya zubo mini a mayafi, sauran ya shiga tukunya. Ta tafa, ta sake cika gwangwanin. Ban bar gidan ba sai da na shayar da layi guda, kuma tun faɗuwata a bakin rijiya ban taɓa tsayuwa mai tsawo haka ba tare da sanda ba. Kullum haka take yi wa tukwanen nan, da ƙugun da aka yi wa aiki, har ƙarshen zafi.

Abinci bai ba ni wahala ba, in dai an kiyaye naman alade, wanda suke barbaɗawa a kan abubuwa da yawa. Akwai wata miya mai kauri da ake sha da sanyi, salmorejo, ta tumatir da burodi da tafarnuwa da man zaitun. Auta yakan ce a sa ƙwai kawai a kai. Akwai kuma soyayyen gauta irin nasu mai girma, da ake ɗiga wa baƙin ruwan rake mai zaƙi. Da rana ta take, kantuna da yawa sukan rufe, gari ya yi tsit, ni ma in koma in miƙe ƙafa sai la'asar sakaliya. Ranar Juma'a muka taka zuwa wani ɗan masallaci mai farar ƙubba a cikin lambun Colón, wanda aka gina wa sojojin Maroko a zamanin yaƙin basasar Sifaniya. Na ga 'yan Maroko, 'yan Senegal, da Sifaniyawan da suka musulunta. Kiran salla bai ƙare a Ƙurɗuba ba, ya dai koma ƙaramin wuri.

Gadar Rumawa ce na bari sai ƙarshe, don ita ta fi ba ni tsoro. A lungu akwai bango a kusa. A kan gada kuwa fili ne, ga iska, ga kogin Guadalquivir a ƙasa. Baka 16 ne ke ɗauke da ita, asalinta tun kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake an sha sake gina ta. Yanzu an hana motoci, masu tafiya a ƙasa ne kawai. Da yamma muka je. A bakin gadar na ce wa Auta ya wuce ya jira ni a wancan ƙarshen, gindin hasumiyar Calahorra. Ya ce, "Umma, ko in biyo ki a baya?" Na ce ya wuce. Ya tafi yana waiwaye.

Na yi Bismillah na fara. Daga dama ga tsohuwar ƙafar katako irin ta keke, mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, ga kufan injinan niƙa a tsakiyar ruwa, ga balbelu suna dawowa kwana kan bishiyoyin tsibirai, irin dai namu na bayan shanu. A tsakiyar gada, wajen mutum-mutumin da mutanen garin ke kunna wa kyandir, ƙafar ta fara nauyi, yatsu suka fara jan ƙasa. Tsoron nan na bakin rijiya ya taso har wuya. Na tsaya na dafa katangar gada, na kama baitocin Ishiriniya da na haddace ta bayan labule, ina yi a hankali, sai na ga taku yana bin amon waƙar. Da haka na ƙarasa. Auta yana tsaye ya rufe baki da hannu, bai iya cewa komai ba sai "Sannu Umma, sannu Umma."

Muka zauna a wancan gefen, ya ba ni labarin ƙasar da muke kai. Unguwa ce babba a da. A 818 mutanenta suka yi wa sarki al-Hakam na Farko bore, ya murƙushe su ya baje unguwar, waɗanda suka tsira wasu suka nufi Fas, wasu Iskandariyya, daga can har tsibirin Kirit. Yahaya mai ruwayar Muwaɗɗa yana cikin malaman da rikicin ya shafa, sai da ya bar garin, daga baya aka yi masa afuwa ya dawo ya zama babban mai faɗa a ji a zamanin Abdurrahman na Biyu. Da an kama shi a wannan rana, Allah kaɗai ya san ta wace hanya littafin zai iso zauren Malam. Daga inda muke ana ganin masallacin gaba ɗaya a ƙetaren ruwa. Da za mu koma, ban ce ya wuce gaba ba, amma ban kama hannunsa ba.

Da na dawo gida, abin da na fara yi shi ne zagayen gaisuwar da ake bina. Da ƙafa na je gidajen da aka yi rashi ina ɗaki, da gidajen da aka haihu ban ga jariri ba har ya fara rarrafe. Likita ya duba ni ya ce ƙafar ta ƙara ƙarfi, jinin ma ya daidaita, amma kada in yi wasa da magani. Sandata tana nan, ba na jin kunyarta. Kowace safiya nakan taka har Babban Dodo in dawo, kuma wasu maƙwabtana mata masu ciwon gwiwa da hawan jini sun fara biyo ni.

Auta ya ce kafin ya gama karatu yana so ya kai ni Garnaɗa, inda Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa yin alƙalanci. Ya gargaɗe ni cewa tsohuwar unguwar can a kan tudu take, hawa ce da gangara da matakalai, ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar Ƙurɗuba. Na kai maganar wurin masu gashin ƙashi, sun ba ni aikin matakala, kuma maƙwabcinmu mai bene ya ce ƙofarsa a buɗe take duk lokacin da nake son gwaji. Na fara tun makon jiya. Hawa ba ya ba ni wuya sosai, saukowa ce har yanzu sai na riƙe ƙarfe, kuma a kanta nake aiki.